Bayan Sallau Direba

Jiya da daddare Sallau Direba ya yi wani mafarki.

Gara a fara sanin mutumin kafin a shiga mafarkin nasa. Sallau ya tsufa ne a kan sitiyari, yana jan tirela tsakanin Funtuwa da kudu, yau albasa, gobe shanu, jibi siminti. Kowa a unguwa Sallau Direba yake ce masa, har jikokinsa. A bana yanar ido ta kama shi, fitilar motar da ke tahowa ta koma masa kamar wata a cikin ruwa. Mai motar ya kira shi, ya yi masa godiya mai yawa, ya karɓi makulli. Tun daga nan Sallau yake gida. Shi da matarsa Lantana ba su taɓa faɗa ba, amma yanzu da suke wuni tare sai aka rasa wanda ya san ta inda ake kama hira.

A mafarkin, ya tsinci kansa a wata tashar manyan motoci da hantsi, ana ruwa. Ruwan daga ƙasa yake tasowa. Yana tsattsafowa ta cikin tsakuwa, ya wuce ta gefen kunnen mutum, ya tafi sama abinsa. Mutane sun kifar da lemominsu sun tsaya a ciki kamar masu wanka a baho. Sallau ba shi da lema, don haka ruwa ya riƙa shiga ta ƙafar wandonsa yana fita ta wuyan riga. Bai ga abin mamaki a ciki ba. Ya dai lura daminar bana ta yi kyau.

Motocin tashar a kafe suke, tayoyinsu har sun yi saiwa. Titi ne yake gudu a ƙarƙashinsu, yana kawo musu garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Direbobi na zaune suna gumi, suna danna oda. Sallau na tsaye aka kawo Lakwaja da gadarta da masu tallan kifinta, aka ɗan tsaya aka sha mai, aka wuce da ita.

Ya gai da wani mai faci da ke hura taya da bakinsa.

"Sannu da aiki. Ina gajiya?"

"Ga ta can a ɗaure," in ji mai faci, ya nuna masa wata dabba mai kama da jaki, ta yi ɓul-ɓul tana cin dusa a gindin turke. "Kai ina taka?"

Sallau ya duba hagu, ya duba dama, bai ga tasa ba.

"To ka je ofis," in ji mai faci, ya mai da bakinsa kan taya.

A ofis wata jar akuya ce zaune a bayan tebur, da tabarau a kan hanci, tana taunar igiyar tamfol. Ba ta ɗago kai ba.

"Suna?"

"Sallau Direba."

"Wace mota?"

"An karɓi makullin, ranki ya daɗe."

"Ashe Sallau ne kawai." Ta miƙo kofato. "Kawo sauran."

Ya sa hannu a aljihu, sai ya ji kalmar Direba a ciki, ta ƙarfe ce, da ɗuminta da ɗan baƙin mai a jiki, nauyinta kamar na sifana. Ya miƙa. Akuyar ta cilla ta cikin wani daro da ke gefen tebur, ta faɗa kan 'yan'uwanta, su Tela da Akawu da Nas da Kafinta, suka yi ƙara gaba ɗaya sannan suka yi shiru. Sallau ya ji bayansa ya yi sakayau, kamar kan tirela da aka kwance wa bodi.

"Yanzu ina zan nufa?"

"Gida."

"Ta wace hanya?"

Akuyar ta dube shi ta saman tabarau. "Ku da kuka san hanyar ko'ina?"

"Na san hanyar gida daga Legas, na san ta daga Fatakwal. Daga nan ne ban sani ba."

"Duk haka kuke cewa. Ka miƙe sosai, in ka gaji da miƙewa ka karya. Na gaba!"

Na gaba wani raƙumi ne da ya zo neman hutun haihuwa. Sallau ya ba shi hanya ya fita.

Ya kama tafiya da ƙafa. Tafiyar ba ta yi masa daɗi ba, domin ƙafarsa ta hagu sai laluben kuloci take a cikin yashi, in ya zo kwana kuma sai ya fitar da hannu ya yi sigina, alhali babu kowa a bayansa sai wata kaza.

Sai ga shi a bakin wani ƙauye. Wasu dattawa suka fito ɗauke da makara, ya ja gefe ya cire hula. Da suka zo daf da shi ya ga wando ne a kwance a kai, an goge shi, an miƙar masa da ƙafafu.

"Na wane ne?" ya tambayi na ƙarshensu.

"Na wani tsohon ma'aji ne."

"Me ya kashe shi?"

"Zama," in ji dattijon. "Bai ma yi wata jinya ba. Can bayan gari muke binne su, wurin ya kusa cika. Shi ya sa ka ga duk wanda ke nan ya nemi abin yi."

Haka kuwa abin yake. Ƙauyen na waɗanda aka sauke daga aiki ne, amma babu mai zaman banza ko ɗaya. Wani tsohon hedimasta yana tsaye da bulala gaban wata kuka, yana tambayar ta dalilin da ya sa kullum take makara. Wani tsohon tela ya zare allura yana ɗinke iska inda ta yage tsakanin bukkoki biyu. Wata tsohuwar ungozoma ta durƙusa gaban randa tana shafa mata ciki tana cewa, "Yi nishi, 'yar nan, saura kaɗan." Kowa ya duƙufa, kowa na sauri. Sallau ya yi ta rarraba sannu da aiki, ana amsa masa da godiya.

A tsakiyar ƙauyen, kan wani dogon benci, ya ga Oga Jatau, mutumin da ya koya masa tuƙi, wanda ya rasu tun Sallau bai fara furfura ba. Yana riƙe da faifai da hannu biyu yana murzawa kamar sitiyari, ya ƙura wa gabansa ido.

"Oga," in ji Sallau, "ba ka rasu ba?"

"Haka na ji ana faɗa," in ji Jatau, bai juyo ba. "Ina ta so in je, lodi ne ya hana ni. Zo ka karɓe ni, kafaɗata ta riƙe."

Sallau ya zauna a kan bencin ya karɓi faifan. Yana kama shi ya ji inji ya tashi a ƙarƙashin cinyarsa. Hedimasta ya jingine bulala ya hau, tela ya hau, ungozoma ta hau da randarta a cinya. Sallau ya taka kuloci, wannan karon ƙafarsa ta same shi daidai inda ya kamata, ya sa giya, ya saki a hankali.

Bencin bai gusa daga inda yake ba, amma tafiya ta yi tafiya. Sallau ya ji kwalta a ƙashin bayansa, ya ji kowane rami kafin a kai gare shi. Idonsa ya washe tarwai, har yana hango ƙuda a kan saniya a ƙauye na gaba. Ya sha kwana, fasinjoji suka karkata gaba ɗaya. Ya hau tudu, ya rage giya, injin ya yi gurnani yadda yake so. Ungozoma ta ce a yi a hankali da mai ciki. Hedimasta ya ce wannan shi ne direba, ba irin yaran yanzu ba. Can sai Sallau ya ji wani abu mai ɗumi yana lasar masa gwiwar hannu. Ya saci kallo, ashe gajiyarsa ce ta gano shi, tana biye da bencin tana kaɗa wutsiya. Rabon da ya ji daɗi irin wannan har ya manta.

"Ka zauna tare da mu," in ji Jatau. "Nan ba a karɓar makullin kowa."

"Iyali fa, Oga?"

"Suna nan lafiya. Ai don su muke yi."

"Yaushe rabonka da su?"

Jatau ya gyara madubin da babu shi, ya yi ɗan tunani. "Akwai dai wata mace mai tsaga a kumatu, tana yawan faɗo mini a rai. Ko uwar 'ya'yana ce, ko mai tuwon nan ta garin Makwa, wallahi ba zan rantse ba. Kula da gabanka, ga shanu nan."

Sallau ya kauce wa shanun. Ya ƙara tafiya kaɗan, sannan ya yi sigina, ya gangara gefe, ya ja birki. Ya sauko ya sa wa ƙafar bencin weji don kar ya gangara.

"Zan leƙa gida in dawo."

"To kar ka kashe inji," in ji Jatau, ya karɓi faifai. "In lodi ya cika za mu biyo ta nan mu ɗauke ka."

Sai ga shi a layinsu. Ga shagon mai shayi, ga famfo, ga gidan maƙwabcinsa na dama da na hagu. Tsakaninsu fili ne fetal, sai shacin ɗakuna a ƙasa da duwatsun murhu. Jar akuyar nan tana tsakiyar filin da teburinta.

"Ranki ya daɗe, ina gidan?"

"Ka bar shi, shi ma ya bar ka. Ai ba yau aka fara faɗa ba." Ta nuna masa ƙasa da haɓa. "Bi sawu."

Sawun gidan mai kusurwa huɗu ne, ya nufi wajen rafi. Sallau ya bi. Ya tarar da gidan a gindin wata tsamiya yana hutawa, hayaƙi na tashi daga madafa, shanya na kan igiya. Akuyar ta riga shi isowa, ta kafa teburinta a ƙofar zaure. A gabanta maza ne sun yi layi, dukansu da jaka a kafaɗa.

"Su wane ne waɗannan?"

"Magidanta ne da suka dawo daga aiki, ana raba su gida-gida. Shiga layi."

Ya shiga. Aka kira matar gida, Lantana ta fito tana goge hannu da gefen zane.

"Wanne ne naki?" in ji akuya.

Lantana ta bi layin tana duba fuskoki cikin ladabi, yadda ake duba atamfa a kasuwa in ba a yi niyyar saye ba. Da ta zo kan Sallau ya yi gyaran murya. Ta ce, "Sannu, Malam," ta wuce. Ta kai ƙarshe ta dawo.

"Ban gan shi ba, ranki ya daɗe."

"Kira sunansa mana, ya amsa."

Lantana ta rufe baki da hannu. "Haba, a bainar jama'a? Ni da ko a ɗaki ban taɓa kama sunansa ba?"

"To faɗi kamanninsa."

"Yana da faɗin kafaɗa, ta hagun ta ɗan fi ta daman sauka, saboda jaka. Akwai tabo a ƙeyarsa, in zai fita yakan sosa shi sau ɗaya a bakin zaure. Wuyan rigarsa kullum a karye yake ta baya, sai dai ban taɓa samun zarafin gyara masa ba."

"Fuska fa?"

"Da asuba yake fita, ranki ya daɗe, in kuma ya dawo barci yake yi yana kallon bango. In da za a juya mini su."

"A juya!" in ji akuya.

Maza suka juya gaba ɗaya. Sallau bai gama tsayawa daidai ba ya ji tafin hannu a tsakiyar kafaɗunsa.

"Ga shi nan," in ji Lantana. "Maigida, sannu da zuwa. Ka rame."

Akuyar ta haɗiye abin da take tauna, ta yanke hukunci. "Baya nata ne, ta kawo shaida. Gaba kuwa babu wanda ya zo nema. Saboda haka zai shiga da baya, ya zauna da baya. In ya kuskura ya juyo, baƙo ne, hukuncin baƙo ya hau kansa."

"Mene ne hukuncin baƙo?" in ji Sallau.

"Ruwan sha, sannan rakiya."

Sallau ya sa ribas. Wata mata mai goyo ta fito daga cikin gida ta tsaya a gefen zaure tana yi masa jagora. Daga muryarta ya gane Uwani ce, 'yarsa, wadda a ransa har yanzu ba ta wuce 'yar firamare ba.

"Taho, Baba, taho. Karya hagu. Akwai turmi a bayanka. Taho, taho. Ya isa!"

Ta tura masa kujera 'yar tsugune a bayan ƙafa, ya zauna a tsakar gida yana fuskantar ƙofa.

Daga nan hira ta ɓarke. Lantana ta jawo tabarma ta zauna a bayansa, ta shiga ba wa bayan nasa labari kamar waɗanda suka saba tun tuni. Ta ba shi labarin shekarar da katangar madafa ta faɗi, ita da Uwani suka kwaɓa ƙasa suka tayar. Ta ba shi labarin macijin da ta kashe da taɓarya a bayan randa, da daren da ƙyanda ta rufe Uwani ta goya ta har asibiti a ƙafa. Babu ƙorafi a muryarta, labari ne kawai. Sai ta koma kwaikwayon yadda mai shayin layinsu yake magana in yana fushi, ta kwaikwayi tafiyar matar liman, Uwani na dariya har goyonta ya farka. Lantana ma ta yi dariya, wata irin dariya mai gangarowa kamar an zubar da gyaɗa a faranti. Sallau bai san tana da ita ba. Bai ma san matarsa mai ban dariya ce ba.

"Baba," in ji Uwani, "ka san ina aji biyu aka ce kowa ya zana babansa? Ni sai na zana tirela. Malam ya duba ya ce daidai ne."

Sallau ya buɗe baki ya ce ai yana tunawa da lokacin da take aji biyu. Amma da yake bakinsa waje yake kallo, maganar ta fice ta zaure, wani mai tallan gawayi da ke wucewa ya tsince ta ya ce, "Madalla, Alhaji." Ya sake gwadawa, ya tambayi wane irin maciji ne. Wata tsohuwa a waje ta ce ita ba ta ga maciji ba. Sai ya haƙura. A bayansa aka ci gaba da hira. A gabansa babu komai sai ƙofa da layi da ruwa yana tafiya sama.

Ana cikin haka aka danna oda a waje. Layin ya kawo bencin har ƙofar gida, da hedimasta da tela da ungozoma a kai, gajiyar Sallau tana tsaye a gefe tana jiran sa.

"Sallau!" in ji Jatau. "Lodi ya cika! Zo ka karɓe ni!"

Abin ba shi da wuya. Ƙafafunsa can suke kallo, tashi kawai zai yi ya taka. Ya ji tafin hannunsa yana ƙaiƙayin faifai. Ya miƙe tsaye.

A bayansa hira ta tsaya cak. Ya ji Lantana ta tashi, ta buɗe kwano, tana ƙulle masa dambu a leda. Ya ji ta rataya masa jaka a kafaɗar hagu.

"Allah ya kiyaye hanya, Maigida," ta ce. "Allah ya kai lafiya ya dawo da kai lafiya."

Ta faɗe shi sumul, babu gargada, yadda mutum yake faɗin abin da ya fi iyawa a duniya. Har ta juya tana ce wa Uwani ta duba tukunya.

Sallau ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Ya ɗaga hannu zai sosa ƙeya, sai ya fasa. Ya sauke jakar ƙasa, ya fara juyawa.

Juyawar ba ƙaramin aiki ba ce. Kamar juya tirela ne a cikin lungu: gaba kaɗan, baya kaɗan, a karya, a sake. Kafaɗarsa ta goga bango, gwiwar hannunsa ta ture buta. Wuyansa na ƙara kamar ƙofar da ta shekara a rufe. Akuyar ta leƙo ta zaure ta ce, "Na dai faɗa maka." Jatau ya yi ta danna oda har ya gaji, ya ce wa fasinjoji wanda ya tsaya shi ya so. Layin ya ɗauke bencin ya wuce da shi, gajiyar ta ɗan yi jim, sannan ta bi su da gudu. Rana ta faɗi ta sake fitowa Sallau na juyawa. Daga ƙarshe ya daidaita, ya ja birki, ya zauna.

Lantana ta ja gyale ta rufe kai. Ya dube ta. Ita ma ba fuskar da ya sani ba ce. Akwai furfura a gefen kunnenta, haƙori ɗaya na gefe ya fita, ga wani ɗan tabon ƙuna a haɓarta wanda bai san ranar da aka yi shi ba. Suka kalli juna kamar mutum biyu da suka haɗu a layin asibiti.

"Sannu da zuwa, baƙo," ta ce. "Daga ina?"

"Daga aiki."

"Ai kuwa ka sha hanya. Uwani, kawo wa baƙo ruwa."

Uwani ta kawo ruwa a kwanon sha, ta durƙusa ta miƙa masa, ta gaishe shi da kyau. Sallau ya kurɓa kaɗan ya tsaya, domin ya san abin da ke biye da ruwan.

"Sai dai maigidan ba ya nan," in ji Lantana.

"Yaushe zai dawo?"

"Kullum yana hanya."

"To zan jira shi."

Lantana ta dubi akuya. Akuyar ta shigo tana cin wani ɗankwali da ta jawo daga igiyar shanya. Ta ce, "Doka ba ta hana jira ba, muddin da sauran ruwa a kwanon."

Sallau ya duba kwanon. Ruwan ya fara tashi ɗigo-ɗigo, yana wucewa ta gaban hancinsa yana tafiya sama wurin 'yan'uwansa. Ya sa tafin hannu ya rufe bakin kwanon, ya danne. Ya ji ɗigon na bugun hannunsa ta ciki, wasu na zamewa ta tsakanin yatsu.

Lantana ta zauna nesa kaɗan, ta jawo faranti tana tsince wake. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Wace sana'a kake yi, baƙo?"

"Ba ni da ita yanzu."

"Allah sarki. To me ka iya?"

Sallau ya yi tunani sosai, don ba ya son ya yi mata ƙarya. "Na iya zama wuri ɗaya tsawon lokaci, ina kallon abin da ke gabana."

Ta ɗago ta dube shi, ta mai da kai kan wakenta. "Ba laifi," ta ce. "Ba mu taɓa samun mai wannan ba a gidan nan."

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Lah," in ji Lantana, ta ajiye faranti ta miƙe. "Ga maigidan nan ya dawo."

Sallau ya zauna da hannu a kan kwano, yana tunanin wane ne zai shigo, da kuma ko ya kamata ya tashi ya ba shi kujerar. Ruwan da ya rage bai fi cikin cokali ba. Aka sake ƙwanƙwasawa, aka sake, kowane bugu ya fi na baya ƙarfi.

Ya buɗe ido. Gari ya waye tuni, rana ta shigo ta ƙasan labule, tafin hannunsa na dama yana danne a kan na hagu. Bugun bai daina ba, daga tsakar gida yake zuwa.

Ya fito. Lantana ce tsugune gaban akurkin kaji, ƙyauren ya ɓalle, tana buga ƙusa da dutse. Hannu ɗaya na tallafe da ƙyauren, ɗayan na riƙe da dutse, ƙusar kuwa sai zamewa take tana faɗuwa. Ta tsince ta, ta hure mata ƙasa, ta sake kafawa.

Sallau ya zagayo ya tsuguna a gabanta. Ta ɗago.

"Lafiya, Maigida?"

"Lafiya lau. Kawo in riƙe miki."

"Ka iya?"

"A'a."

Ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta miƙa masa ƙusar, ta nuna masa wurin da yatsa.

"To ka janye babban yatsan nan," ta ce. "Ni in ina aiki ba na duba hannun mutum."

Ta ɗaga dutsen.